Laimar Shawagi: Yadda Haɗurra Suka Gyara Wasan

A watan Yunin 1978, wasu abokai uku masu wasan dirowa daga jirgi da laima, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka hau wani dutse da ke saman ƙauyen Mieussy a gabashin Faransa. Kuɗin hayar jirgi ya ishe su, sai suka yi shawarar su shimfiɗa laimar a gangare, su ruga da gudu har iska ta cika ta, ta ɗauke su. Dabarar kuwa ta yi. A 1979 aka buɗe kulob a ƙauyen ana koya wa mutane, daga nan wasan ya bazu a tsaunukan Alps, ya tsallaka sauran duniya.

Irin laimar da suka tashi da ita ta samo asali ne daga ƙirar Domina Jalbert, haifaffen Kanada da ya zauna a Amurka, wanda ya nemi rajistar ƙirar a 1964. Fiffike ne na yadi zalla, shimfiɗa biyu sama da ƙasa, an ɗinke tsakaninsu ɗaki-ɗaki, bakin kowane ɗaki a buɗe ta gaba. Iskar da ke shiga ita ke ba shi siffa, ba ƙarfe ba itace. Shi ya sa mutum ke naɗe jirginsa ya cusa a jaka ya goya. Shi ne kuma tushen yawancin masifar da ta biyo baya, don in iska ta bugi fiffiken ta sama, gefe guda sai ya naɗe, laimar ta juya da matuƙin tana neman ƙasa.

A shekarun 1980 kamfanoni suka shiga tseren ƙera fiffike mai tsawo da siranta, wanda zai iya hawa iska mai zafi yana kewaye kamar yadda ungulu ke yi da tsakar rana. Laimomin suka ƙara nisan tafiya, suka kuma ƙara saurin fushi, mutane suka yi ta karyewa, wasu suka mutu. Ƙungiyar DHV ta Jamus, wadda aka kafa a 1979, ta fara gwada kowace ƙira tana ba ta lamba daga 1 zuwa 3, Faransawa ma suka fito da nasu ma'aunin. Gwajin ba na takarda ba ne. Matuƙin gwaji zai tashi saman tafki, ya janyo igiyoyi da gangan har rabin fiffiken ya naɗe, ya saki hannu, a ga ko laimar za ta buɗe da kanta, cikin daƙiƙa nawa, kuma ta juya kwana nawa kafin ta miƙe. Wato an ɗauki ainihin abin da ya kashe mutane, ana maimaita shi a wurin da ruwa da jirgin ceto ke jira. A 2005 Turai ta haɗa wannan a ma'auni guda, EN 926-2, mai haruffa huɗu: A ta ɗan koyo ce, D ta ƙwararre. Akwai kuma gwajin ƙarfi, inda ake jan laimar da mota, sai ta ɗauki ninki 8 na iyakar nauyin da aka ƙera ta dominsa.

Daga baya aka ga ai matuƙan ma suna bukatar irin wannan gwaji. Haka aka samu horon da Faransawa ke kira SIV, wanda ake yi a saman ruwa a wurare irin su tafkin Annecy da Ölüdeniz na Turkiyya. Ɗalibi na sanye da rigar ruwa, malami na masa magana ta rediyo daga ƙasa, shi kuma yana naɗe fiffikensa da hannunsa yana koyon warware shi.

Kayan jikin matuƙi ma duk haɗurra ne suka siffanta su. Mazaunin farko ɗan katako ne da ɗamara, sai asibitoci suka yi ta karɓar masu karayar ƙashin baya, saboda mai laima kan faɗo ne a zaune. Aka fara saka faranti mai tauri a baya, aka gane ba ya shanye ƙarfin bugu, aka koma soso mai kauri da jakar iska. An taɓa samun laimomi da suka daina tafiya gaba suka riƙa sulalowa ƙasa a tsaye, bincike ya nuna yadin ne ya tsufa yana yoyon iska, daga nan aka fara auna shi da na'ura, kuma a Jamus akan kai laima duba duk shekara biyu. Ƙugiyoyin alminiyam da ke haɗa matuƙi da fiffike sun karye a wasu lokuta saboda gajiyar ƙarfe, yanzu masu ƙera su kan ce a sauya su bayan shekara biyar ko awa 500. Laimar ceto kuwa, an tarar da gawarwaki da tasu a naɗe ba a jefa ba, ko an jefa a makare, ko an yi mata ɗaurin da ba ta fita. Shi ya sa kulob-kulob ke taruwa a zaurukan wasanni, a rataye mutum, a girgiza shi, ya jefa tasa, sannan a sake naɗe ta a gaban masani.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne batun ɗamarar cinya. Matuƙi zai ɗaure ta ƙirji ya manta ta cinyoyi, wataƙila an yi masa magana yana cikin shiri, ko ya kwance don ya zaga ya dawo. Da ya tashi sai ya zame ta ƙasa, ya rage yana rataye da hammata har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙwararru ma ya ci su. An daɗe ana cewa sakaci ne, ana ta gargaɗi, mutane na ci gaba da faɗowa. Sauƙi ya zo ne da masu ƙira suka yarda cewa ɗan Adam zai manta komai iyawarsa, suka haɗa ɗamarar ƙirji da ta cinya ta yadda ba a rufe ɗaya sai da ɗayar. Ajali gaskiya ne, amma da an tsaya a kan cewa kwanansa ne ya ƙare, da har yau makullin ɗamarar bai sauya ba.

Ba kullum ake jin darasi da wuri ba. A gasar duniya ta 2009 a Valle de Bravo ta Meziko wani matuƙi ɗan Suwizalan ya mutu, amma aka ci gaba da barin 'yan gasa su tashi da laimomi masu tsananin gudu da ba su ci kowane gwajin tashi ba. A Yulin 2011, a gasar duniya ta Piedrahita a Sifaniya, matuƙa biyu suka mutu rana ɗaya, ɗaya daga Ajantina ɗaya daga Cile. Aka tsayar da gasar, hukumar CIVL mai kula da gasar ta dakatar da irin waɗannan laimomi, aka koma masu harafin D, kuma daga 2015 aka fara aiki da ma'auni na musamman na laimomin gasa. A ganina an yi jinkirin shekara biyu da bai kamata ba.

Akwai kuma abin da ƙira ba ta magancewa. A ranar 14 ga Fabrairun 2007, kusa da Manilla a Ostireliya, hadari ya zuƙe Ewa Wiśnierska ta tawagar Jamus ya kai ta tsayin mita 9,946. Ta suma cikin ƙanƙara, ta farfaɗo, ta sauka da rai. He Zhongpin ɗan Sin, wanda hadarin ya haɗa da shi, bai tsira ba. Na'urar Ewa ta ajiye bayanin hawan gaba ɗaya, ana nuna wa ɗalibai shi don su san cewa hadari ya fi ƙarfin kowace laima.

Masu goya inji da farfela a baya su tashi daga fili, nasu haɗurran daban ne. A Amurka dokar 1982 ta ƙananan jirage ba ta tilasta musu lasisi, don haka ƙungiyarsu, USPPA, ta dogara da rahoton da matuƙa ke kawowa da kansu. Wani nazari da Francesco Feletti da Jeff Goin suka buga a mujallar BMJ Open a 2014, bisa rahotanni fiye da 300, ya nuna hannuwa ne suka fi jin rauni. Sau da yawa tun a ƙasa abin ke faruwa: mutum ya tayar da inji yana riƙe da shi, maƙura ta maƙale, injin ya kifo masa, farfela ta sare yatsu. Shi ya sa malamai ke cewa a goya injin kafin a tayar. Ruwa ma ya ci da dama, don nauyin inji kan kifa mutum fuska ƙasa igiyoyi su nannaɗe shi, sai aka ƙera jakar da ke kumbura da kanta in ta taɓa ruwa.

Al'adar kai rahoto ba tare da tsoron hukunci ba daga manyan jirage aka gaje ta. A Disambar 1974 wani jirgin kamfanin TWA ya faɗa kan dutse a Bajiniya ta Amurka, mutum 92 suka mutu, sai aka gano makonni shida kafin nan wani jirgin ya tsallake rijiya da baya a wuri guda, amma labarin bai fita daga kamfaninsa ba. A 1976 NASA ta buɗe tsarin karɓar rahoto a asirce. Ƙungiyoyin laima na Jamus da Faransa da Birtaniya suna bin irin wannan sawu, suna buga yadda hatsari ya faru ba tare da sunan mai shi ba. Raunin da ya rage shi ne wanda ya sha da ƙyar kan ji kunya ya yi shiru, alhali labarinsa ne ke zuwa kafin a yi rashi.

Wasan ya iso yankinmu: tun 2005 ake bikinsa lokacin Ista a dutsen Odweanoma na Kwahu a Gana, inda matuƙa ke ɗaukar fasinja. Wanda duk zai hau, a can ko a wata ƙasa, ya tambayi yaushe aka duba laimar, ya tabbata akwai ta ceto, ya sa hular kwano, kuma ya taɓa ɗamarar cinyarsa da hannunsa kafin a ce masa ya ruga.