Zaɓen tayar keke don kwalta da burji a yankin Yauri

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hawa babur da mota ya yi tashin gwauron zabo, abin da ya sa keke ya ƙara daraja a wurin manoma da 'yan makaranta da masu ƙananan sana'o'i.

A ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na jihar Kebbi, da wuya mai keke ya kammala tafiyarsa a kan hanya iri ɗaya. Babban titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yelwa zuwa Koko da Jega na kwalta ne, amma da zarar mutum ya ratse zuwa ƙauyukan bakin tafkin Kainji, sai ya tarar da burji da tsakuwa da yashi, da kuma taɓo a lokacin damina.

Don haka tayar da ta dace ita ce wadda za ta jure mafi munin ɓangaren hanyar, ba tare da ta zame wa mahayi nauyi a kan kwalta ba.

Lambar da ke jikin taya

Kafin a yi maganar inganci, wajibi ne taya ta dace da rim ɗin keken. A nan ne masu saye da dama ke yin asarar kuɗinsu, domin sunan inci da ake kiran taya da shi a kasuwa yana da ruɗani.

Tsofaffin kekunan ƙarfe irin su Raleigh da Phoenix da Hero galibi suna amfani da taya mai lamba 28 x 1½. Sai dai akwai wata tayar Turai da ita ma ake kira inci 28, alhali ta fi wannan ƙanƙanta, kuma ba za ta hau rim ɗin ba.

Hanyar kauce wa wannan ita ce duba wata lamba ta ƙasa da ƙasa da ake bugawa a gefen taya, misali 40-635. Lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuwa faɗin da'irar rim ce. Ta keken ƙarfe 635 ce, ta Turai 622.

Haka abin yake ga inci 26. Kekunan hawan dutse masu giya suna da 559, yayin da yawancin kekunan gwanjo na Japan masu lamba 26 x 1⅜ ke da 590. Lamba ta biyu dole ta zo daidai; ta farko ce kawai ake da zaɓi a kanta.

Faɗi da zane

Siririyar taya tana da sauƙi a kan kwalta mai laushi, amma takan nutse cikin yashi, ta kuma yi ta tsalle a kan tsakuwa. Mai faɗi tana ɗaukar iska da yawa, tana shanye gargada, tana kuma raba nauyi a kan ƙasa.

Ga wanda ke haɗa kwalta da burji, faɗin milimita 40 zuwa 50 ya wadatar. Amma a tabbatar akwai sarari tsakanin taya da jikin keke, domin taɓo na iya cushe wurin har ƙafar keken ta daina juyawa.

Dangane da zanen da ke bayan taya kuwa, mai manyan haƙora tana kama laka sosai, sai dai tana gajiyar da mahayi a kan kwalta, kuma haƙoran na saurin cinyewa. Wadda ba ta da zane tana zamewa a kwana idan akwai tsakuwa. Matsakaiciya ita ce mai ƙananan haƙora a matse a tsakiya, da manya kaɗan a gefuna.

Bakin tafki

An kammala madatsar ruwan Kainji a shekarar 1968, kuma tun daga lokacin ruwan tafkin ke hawa da sauka a kowace shekara. Idan ya janye, yakan bar fili mai laushi inda ake noma, kuma masunta da masu fataucin kifi kan ratsa shi kafin su kai ga kwalekwale.

Wanda akasarin zirga-zirgarsa a irin wannan wuri take, kamar gaɓar Wara, zai fi cin moriyar taya mai faɗi da haƙora. Wanda kuwa tafiyarsa ta fi yawa a cikin garin Yelwa ba ya buƙatar hakan.

Kaya da iska

Buhun albasa ko na shinkafa, ko jarkokin ruwa, duk a kan tayar baya nauyinsu ke sauka, shi ya sa ta kan riga ta gaba mutuwa. Idan kuɗi bai kai na biyu ba, ana iya sa sabuwa a gaba, a mayar da ta gaban baya muddin tana da sauran ƙarfi, domin fashewar tayar gaba ce ta fi kayar da mahayi.

Masu ƙera taya kan rubuta iyakar iskar da za ta ɗauka a gefenta. Idan iska ta yi kaɗan, dutse ko bakin rami kan matse tub a jikin rim, ya huda shi wuri biyu dab da juna. Idan ta yi yawa, keke ba ya kama ƙasa a kan burji. Ana ƙara iska a baya in an yi lodi, a ɗan rage idan za a shiga yashi ba kaya.

Ƙaya da rana

Da kaka da rani, tsidau da ƙayar bagaruwa ne manyan abokan gabar taya. Wasu tayoyin na zuwa da wani shimfiɗi mai tauri a ƙarƙashin roba don tare ƙaya, kuma ko da yake sun fi tsada da nauyi, suna rage zuwa wurin mai faci. Tayoyin zamani marasa tub, masu ruwan da ke toshe huji da kansa, suna buƙatar rim na musamman, don haka ba su dace da keken ƙarfe ba.

Zafin rana yana busar da roba. Kafin a biya kuɗi, a lanƙwasa gefen tayar a duba; idan aka ga ƙananan tsagu, to ta daɗe a ajiye ko da ba a taɓa hawanta ba.

Lokacin canjin taya ya yi idan zanen tsakiya ya shafe, ko zaren ciki ya fara leƙowa, ko ta kumbura a gefe. Wadda ta kumbura na iya fashewa a kowane lokaci, kuma a kan titin da manyan motoci ke bi, hakan na iya janyo asarar rai.