Daura da Rijiyar Kusugu

Daura ba babban birni ba ne, amma ita ce tushen Hausa Bakwai. Mutanen da sun ce mata ne suka fara sarautarta, har zamanin Daurama, sa'ad da Bayajida ya kashe macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ran Jumma'a. Rijiyar Kusugu tana nan, an kewaye ta da gini, baƙi suna shan ruwanta.

Cikin 1805 Fulani suka ci garin, sarautar Haɓe ta koma Zango da Ɓaure, sai bayan zuwan Turawa aka mayar da ita gidanta. Sarki Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 har 1966.

Mai son ganin Daura sosai, to, ya zo lokacin Sallar Gani.