Daga Otal ɗin Filadelfiya Zuwa Zaren Silikon

A watan Yuli na 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke Filadelfiya. Da suka koma gida sai zazzaɓi da ciwon huhu suka kama mutum 221, mutum 34 suka rasu. An zargi guba, an zargi mura. Sai a Janairun 1977 Joseph McDade na hukumar CDC ya gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Lejiyonela. Ana kyautata zaton a ruwan na'urar sanyaya ɗakuna ta yi sheƙa. Wato kusan wata shida aka kwashe ana lalube. 'Yan'uwa da ke zaune a ɗakunan ɗalibai a Ingila, idan kun ga ma'aikaci yana buɗe famfon da ba a amfani da shi, wannan ƙwayar yake kora.

A 2001 kuma aka aika wasiƙu ɗauke da garin antiras, cutar da makiyayanmu ke kira saifa. Mutum biyar suka mutu, biyu daga cikinsu ma'aikatan gidan waya ne na Brentwood a Washinton, waɗanda suka ci gaba da aiki ba su san abin da suke shaƙa ba. An rufe wannan ginin fiye da shekara biyu. Gwamnati ta kafa shirin BioWatch a 2003, amma rariyar iska ce ake kwasa kullum a kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito bayan awa 12 zuwa 36. A ganina wannan tazarar ita ce ciwon.

A shekarar wasiƙun ce rukunin Charles Lieber na Jami'ar Harvard ya nuna wata hanya. Suka ƙera zaren silikon mai kaurin nanomita kaɗan (gashin kai ya kai nanomita 80,000), suka shafa masa sinadarin da ke cafke abu iri ɗaya tak. Da abin ya manne, wutar da ke ratsa zaren sai ta canza nan take. A 2004 suka gano ƙwayar mura guda ɗaya ta wannan hanya.

Sai dai wannan a cikin ruwa mai tsabta aka yi. Iskar gini cike take da ƙura, kuma ƙararrawar ƙarya na iya sa a kwashe dubban mutane. A 2014 Amurka ta soke shirin sabunta BioWatch da na'urori masu gwaji da kansu, saboda tsada da shakkar ingancinsu.