Shekarar 1968 a Siyasar Amurka: Yaƙi, Zanga-zanga da Darajar Dala

Ran 31 ga watan Maris na shekarar 1968, da dare, Shugaba Lyndon Johnson ya yi wa jama'ar Amurka jawabi ta gidajen rediyo da talabijin a kan yaƙin Biyetnam. Sai da ya kai ƙarshen jawabin sa'an nan ya faɗi abin da ko waɗansu ministocinsa ba su zata ba, watau ba zai sake neman kujerar shugabanci ba. Mutumin nan kuwa shi ne ya lashe zaɓen 1964 da kashi 61 cikin ɗari na ƙuri'u, shi ne ya sa hannu a dokar da ta haramta wariyar launin fata a 1964, da wadda ta tabbatar wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a a 1965. Wanda duk yake son gane yadda mulki ya kuɓuce masa cikin shekara huɗu, da yadda jam'iyyarsa ta Dimokurat ta faɗi a watan Nuwamba, lalle ne ya dubi abubuwa uku da suka sarƙe da juna: kuɗin da yaƙin ya ci, gardamar masu zanga-zanga a kan hanyar da ta dace su bi, da kuma tsarin da jam'iyya ke bi ta tsayar da ɗan takara.

Maganar kuɗi ita ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ce ta fara karya gwiwar gwamnati. Johnson ya so ya yi yaƙi biyu lokaci guda, ɗaya da 'yan Kwaminis a Biyetnam, ɗaya da talauci a gida, ba tare da ya ƙara wa kowa haraji ba. Ya san sarai cewa ranar da ya je Majalisa neman ƙarin haraji saboda yaƙi, dattijan Kudu masu riƙe da manyan kwamitoci za su ce sai ya rage kuɗin makarantu da asibitoci da taimakon matalauta tukuna. Saboda haka ya yi ta jan ƙafa. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Sojojin Amurka a Biyetnam suka haura rabin miliyan, giɓin kasafin kuɗi na 1968 ya kai wajen dala miliyan dubu 25, hauhawar farashin kaya kuwa, wadda ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba a 1965, ta wuce kashi 4. Da ya ga ba makawa, a watan Agusta 1967 ya nemi ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan harajin da kowa ke biya. Wilbur Mills na jihar Arkansas, shugaban kwamitin haraji na Majalisar Wakilai, ya danne buƙatar har wata goma, bai sake ta ba sai a Yuni 1968, bayan an amince za a zabtare dala miliyan dubu 6 daga ayyukan gwamnati.

A waje kuma dala ta shiga uku. Tun yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944 Amurka ta ɗauki alkawarin ba wa bankunan gwamnatocin duniya oza guda na zinariya a kan kowace dala 35. To, dalolin da suka malala ƙasashen waje, ta hanyar yaƙi da ciniki da ajiye sojoji a Turai, sun riga sun fi zinariyar da ke taskar gwamnati yawa. Da Ingila ta rage darajar fam a Nuwamba 1967, sai 'yan kasuwa suka ce saura dala, suka yi ta rububin sayen zinariya. Abin ya yi tsanani har Amurka ta roƙi Ingila ta rufe kasuwar zinariya ta Landan ran 15 ga Maris 1968. A cikin wannan watan ne kuma labari ya fita cewa hafsoshin soja na neman ƙarin dakaru 206,000, bayan farmakin Tet na ƙarshen Janairu, lokacin da mayaƙan Kwaminis suka afka wa biranen Biyetnam ta Kudu har suka shiga harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon. Manyan masu ba Shugaba shawara suka taru a ƙarshen watan, mafi yawansu suka ce masa a nemi hanyar janyewa. Ba ihun ɗalibai kaɗai ya kawo su ga wannan ra'ayi ba. Baitulmali ma ta yi magana.

Su kuwa masu adawa da yaƙin, da masu fafitikar 'yancin baƙar fata, ba bakinsu ɗaya ba. A nan ne tarihin shekarar ya fi ɗaukar hankali, domin kowane ɓangare yana da hujja mai ƙarfi. Bayard Rustin, wanda ya shirya babban gangamin Washinton na 1963, tun 1965 ya rubuta cewa lokacin hawa titi ya wuce, abin da ya rage shi ne a shiga jam'iyya, a haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago, a nemi ayyukan yi da albashi ta hanyar doka. Stokely Carmichael, saurayin da ya ɗaga kirarin Ƙarfin Baƙar Fata a Mississippi a 1966 (daga baya ya koma Gini da zama, ya ɗauki sunan Kwame Ture), yana ganin haƙurin shan duka ba ya amfani sai ga abokin gaba mai kunya. Tsakanin waɗannan biyun Martin Luther King yake. Ya riƙe aƙidar zanga-zangar lumana, amma ya lura cewa dokokin 1964 da 1965 ba su sa tuwo a kwanon kowa ba, ga shi kuma unguwannin baƙar fata na ta cin wuta: mutum 34 suka mutu a Watts a 1965, 26 a Newark da 43 a Detroit a 1967. Ran 4 ga Afrilu 1967 ya fito fili ya la'anci yaƙin, bisa hujjar cewa kuɗin talaka ne ake ƙonawa a Biyetnam. Manyan jaridu da waɗansu shugabannin baƙar fata suka yi masa ca, suka ce ya haɗa abin da bai haɗu ba, ya kuma ɓata da Shugaban da ya fi kowa yi musu alheri.

Shirinsa na ƙarshe shi ne Gangamin Talakawa: a kwaso matalauta na kowane launi a kai su Washinton, su zauna a can har sai Majalisa ta yi dokar samar da aiki da abin masarufi. Rustin ya ce wannan ganganci ne a shekarar zaɓe. Kafin a kai ga haka King ya tafi Memphis don tallafa wa masu kwasar shara kimanin 1,300 da ke yajin aiki, kuma macin da ya jagoranta ran 28 ga Maris ya rikiɗe ya zama tarzoma, abin da ya ba maƙiyansa abin faɗi. Ran 4 ga Afrilu aka harbe shi a can. Garuruwa fiye da 100 suka kama da wuta, har da babban birnin ƙasar. Ralph Abernathy ya ci gaba da gangamin, aka kafa bukkokin katako a filin da ke kusa da ginin tunawa da Lincoln, mutane wajen 3,000 suka zauna cikin ruwan sama da taɓo daga tsakiyar Mayu, har 'yan sanda suka tashe su ran 24 ga Yuni, ba tare da Majalisa ta yi dokar da suka nema ba.

Ɗaliban jami'o'i, waɗanda akasarinsu Turawa ne, su ma sun rabu. Ya kamata a tuna cewa a lokacin ana ɗaukar saurayi soja dole tun yana da shekara 18, amma a yawancin jihohi ba ya jefa ƙuri'a sai ya kai 21. Ba a gyara wannan ba sai 1971. Duk da haka dubbai daga cikinsu suka zaɓi hanyar akwatin zaɓe. Da Sanata Eugene McCarthy na Minnesota ya fito ya ƙalubalanci Johnson, sai samari suka aske gemu da suma, suka sa kwat, suka bi gida gida a jihar New Hampshire cikin sanyi. Ran 12 ga Maris McCarthy ya sami kashi 42 cikin ɗari, Shugaba mai ci ya sami 49. Bayan kwana huɗu Robert Kennedy ya shiga takara, magoya bayan McCarthy kuwa ba su taɓa yafe masa ba, don a ganinsu ya jira wani ya kashe maciji sa'an nan ya zo ɗaukar fata. Kennedy ya ci Indiana da Nebraska, ya faɗi a Oregon, ya ci Kalifoniya ran 4 ga Yuni. A daren nan aka harbe shi a wani otel a Los Angeles, ya rasu ran 6 ga wata.

Ko da ya rayu, da wuya ne tikitin ya zo hannunsa. A tsarin wancan zamani jihohi ƙalilan ne ke yin zaɓen share fage. Akasarin wakilan babban taro gwamnoni da magadan gari da shugabannin ƙwadago ke naɗa su. Mataimakin Shugaba, Hubert Humphrey, wanda ya fito a ƙarshen Afrilu, bai tsaya zaɓen share fage ko guda ba, amma ya isa Shikago da wakilai a aljihu. Wannan shi ne ya ba masu zafin ra'ayi hujja: ga waɗanda suka aske gemu suka bi doka, me suka samu?

An yi taron daga 26 zuwa 29 ga Agusta. Magajin gari Richard Daley ya hana izinin maci zuwa zauren taro da na kwana a filayen shaƙatawa, ya tanadi 'yan sanda kusan 12,000, ban da dakarun jiha da sojojin tarayya. Masu zanga-zangar da suka zo ba su fi 10,000 ba, McCarthy da kansa ya roƙi nasa su zauna a gida. Cikin waɗanda suka zo akwai David Dellinger, tsohon mai aƙidar ƙin yaƙi, da Tom Hayden na ƙungiyar ɗalibai, akwai kuma 'yan Yippie na Abbie Hoffman da Jerry Rubin, waɗanda makaminsu shi ne ba'a: suka kawo alade suka ce shi ne ɗan takararsu. Ran 28 ga wata wakilai suka kayar da ƙudurin zaman lafiya da ƙuri'a 1,567 da 1,041. Da yamma 'yan sanda suka afka wa jama'a a gaban otel ɗin Hilton da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, ba su bar 'yan jarida ko 'yan kallo ba, gidajen talabijin kuma suka nuna abin a daidai lokacin da ake tsayar da Humphrey. Kwamitin bincike na Daniel Walker ya bayyana a watan Disamba cewa 'yan sandan ne suka yi tarzoma. Amma binciken ra'ayin jama'a da aka yi bayan taron ya nuna mafi yawan mutane na bayan 'yan sanda. Matasan sun yi ta kirarin cewa duniya na kallo, kuma gaskiya ne tana kallo, sai dai abin da leburan masana'anta ya gani daga ɗakinsa shi ne 'ya'yan masu hali, waɗanda karatu ya kare daga zuwa yaƙi, suna zagin ɗan sandan da ya fito daga unguwa irin tasa.

Mutum biyu suka ci moriyar wannan. Richard Nixon na jam'iyyar Rifablikan ya gina yaƙin zaɓensa a kan doka da oda, da kare darajar dala, da alkawarin kawo ƙarshen yaƙi cikin mutunci ba tare da ya faɗi yadda zai yi ba. Har yaƙin basasar Nijeriya ya taɓo a watan Satumba, inda ya nemi gwamnati ta gaggauta kai agaji ga masu fama da yunwa. George Wallace kuwa, tsohon gwamnan Alabama mai goyon bayan wariya, ya tsaya a jam'iyya ta uku, a ƙarshen Satumba farin jininsa ya kai kashi ɗaya cikin biyar, har a tsakanin ma'aikatan Arewa. Abin mamaki, rashin aikin yi a shekarar bai kai kashi 4 cikin ɗari ba; ma'aikaci na da aiki, amma ƙarin haraji da tsadar kaya suna cinye ƙarin albashinsa, kuma an koya masa ya ɗora laifin a kan masu karɓar taimakon gwamnati. Ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi haiƙan suna nuna wa 'ya'yansu ƙarancin albashi a Alabama, suka dawo da da yawa daga cikinsu. Humphrey ya fara raba gari da Johnson a jawabinsa na Salt Lake City ran 30 ga Satumba, Johnson kuma ya dakatar da ruwan bama-bamai a Biyetnam ta Arewa ran 31 ga Oktoba. Sai gwamnatin Saigon ta ƙi zuwa teburin shawara a Paris. Takardun hadiminsa H. R. Haldeman da aka bayyana a ƙarshen 2016 sun ƙarfafa tsohon zargin cewa Nixon ya sa a yi wa shawarwarin ƙafar ungulu ta bayan fage.

Ran 5 ga Nuwamba Nixon ya sami kashi 43.4 cikin ɗari, Humphrey 42.7, tazarar ƙuri'a wajen rabin miliyan; a wakilan zaɓe na jihohi kuwa 301 da 191, Wallace ya kwashe jihohi biyar na Kudu da wakilai 46. Tazarar ta yi ƙanƙanta har kowane ɓangare na iya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, kuma sun yi. A 2020 Omar Wasow, wani masanin siyasa, ya buga binciken da ya nuna cewa a gundumomin da ke kusa da inda aka yi tarzoma Turawa sun karkata ga Nixon, a kusa da inda aka yi zanga-zangar lumana kuwa sun karkata ga 'yan Dimokurat. Wannan ya goyi bayan Rustin da King a kan Carmichael, amma bai amsa ƙorafin waɗanda suka ci zaɓen share fage aka hana su tikiti ba. Jam'iyyar da kanta ta yarda suna da gaskiya: kwamitin McGovern da Fraser ya sauya dokoki, zaɓen share fage ya zama hanyar tsayar da ɗan takara, George McGovern ya sami tikiti a 1972, ya kuma faɗi a jihohi 49 cikin 50. Sojojin Amurka ba su gama barin Biyetnam ba sai Maris 1973, bayan mutuwar ƙarin fiye da 20,000 daga cikinsu a zamanin Nixon. Dala kuwa, wadda ya yi alkawarin karewa, shi ne ya raba ta da zinariya ran 15 ga Agusta 1971, ya kuma hana ƙarin albashi da farashin kaya har kwana 90.