Tarihin Binciken Shanyewar Ɓarin Jiki

A zangonninmu na Bawku, Yendi da Salaga mun saba ganin dattijon da hannunsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, amma wani lokaci Fatiha tana fita daga bakinsa tiryan-tiryan. Likitoci sun daɗe suna bin diddigin wannan abin mamaki.

A 1861, Paul Broca na Faransa ya duba ƙwaƙwalwar wani mamaci da ya shekara ashirin ba ya iya magana, ya tarar da rauni a ɓangaren hagu. Wannan ɓangaren ne ke sarrafa gefen dama na jiki, shi ne kuma gidan magana ga yawancin mutane. Hughlings Jackson na Ingila ya lura cewa kalmomin da baki ya saba da su sukan tsira.

A 1877, Thomas Barlow ya ba da labarin wani yaro a Landan: hagu ya lalace, maganarsa ta ɗauke, ta dawo, da dama ya lalace, ta tafi gaba ɗaya. Sai aka ɗauka cewa dama ne ya karɓi aikin ɗan'uwansa.

A 2020, Chang da Lambon Ralph na Jami'ar Kambirij suka kwaikwayi ɓangarorin biyu a kwamfuta, suka lalata na hagu, suka sake koya mata magana. Ragowar hagu da dama suka raba aikin.

Don haka, in baki ya karkace ko hannu ya mutu, mu garzaya asibiti nan take. Bayan sallama, mu riƙa zama da majinyaci, muna hira, muna bitar karatu tare. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.