Mazaunin Babban Yatsa a Tarihin Gitar Bas

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar gitar bas ta lantarki, wadda ta shekara ashirin ko talatin a hannun makaɗi guda, in ya dube ta da idon basira zai tarar da wani ɗan gurbi a saman maɗaukin sautinta, inda fenti ya goge, katako ya yi baƙi da gumi, har wani lokaci ya ɗan lotsa daidai faɗin babban yatsa. Na daɗe ina ɗaukar wannan gurbi a matsayin hujja a kan wani al'amari da marubuta tarihin kayan kiɗa ba su cika ba shi haƙƙinsa ba, wato yadda abin da aka ƙera domin kunne ya zama shi ke hukunta inda hannu zai zauna.

Shi maɗaukin sauti, wanda ma'abota sana'ar ke kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a bisansa sai ta girgiza ƙarfin maganaɗisun, girgizar ta haifar da 'yar wuta a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Ƙa'idar ta Michael Faraday ce, wanda ya gano ta a Ingila a 1831. A wajen 1936 Paul Tutmarc na birnin Siyatil a Amurka ya sayar da bas mai aiki da wannan hikima, amma ba ta yi kasuwa ba, sai da Leo Fender, mai gyaran rediyo a Fulaton ta Kalifoniya, ya fitar da Precision Bass a 1951, sannan makaɗa suka sami abin da zai hutar da su daga dakon katon gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, wanda ƙaho da ganga ke danne muryarsa.

Fender injiniya ne, bai iya kiɗa ba, saboda haka zatonsa game da hannun makaɗi shi ya zama siffar kayan. Ya ɗauka cewa da babban yatsa za a riƙa taɓa tsirkiya, don haka ya kafa ɗan katako a ƙarƙashin tsirkiyoyin inda sauran yatsu za su maƙale, ya kuma kifa murfin ƙarfe mai ƙyalli a kan maɗaukin, wani a kan jaki, wato madogarar tsirkiyoyin, domin kariya da kuma ado. Zaton bai zama kuskure ba a farkon lamari, gama Monk Montgomery, wanda ya kaɗa ta a ƙungiyar Lionel Hampton a 1953, da babban yatsa yake kiɗa. A 1954 aka sassaƙe gefen gangar jikinta yadda ba za ta ci haƙarƙari da damtse ba, wanda ke nuna cewa jin daɗin mai riƙo yana cikin lissafin maƙerin tun da wuri. Sai dai bai yi tsammanin maɗaukin kansa zai shiga wannan lissafi ba.

A 1957 ya raba maɗaukin gida biyu, rabi ga tsirkiyoyi biyu masu kauri, rabi ga sirara, ya saɓa naɗin wayarsu da fuskar maganaɗisunsu, ta yadda ƙugin da wutar gida ke jefawa cikin ɗaya zai kashe na ɗayan. Maƙasudinsa ke nan, kuma ya cim ma shi. Amma a daidai wannan zamani makaɗa suka fara sauko da hannu daga sama suna kiɗa da manuni da na tsakiya, kamar yadda ake yi a babban gogen, kuma mai yin haka ba makawa sai ya sami inda zai kafa babban yatsansa, in ba haka ba tsintsiyar hannu ta gaji kafin dare ya raba. Da suka kwance murfin ƙarfen, wanda ya tare wuri mafi daɗin taɓawa, sai suka iske rabin maɗaukin na sama, mai kusa da wuya, ya fito da kafaɗa mai kusurwa kamar an auna ta da yatsa. Nan suka zauna, nan kuma mafi yawan almajiran wannan kiɗa ke zaune har yau, ba tare da sun san cewa gadon neman maganin ƙugi suke ci ba.

Ba kowa ne ya kwance murfin ba. James Jamerson, wanda bas ɗinsa ke ƙarƙashin ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a Ditiroyit, ya bar nasa a kan Precision ta 1962, yana ɗora sauran yatsu a kansa yana fizgar tsirkiya da manuni kaɗai. Kuma ina ganin nauyi da natsuwar kiɗansa ba za a raba su da wannan zama na hannu kusa da wuya ba, inda tsirkiya ke da laushi, take ba da murya mai zurfi ba tare da an yi kokawa da ita ba. Jazz Bass, wadda ta fito a 1960 da maɗaukai biyu dogaye, ita ta buɗe ƙofar saɓani, domin ta ba yatsa masauki biyu. Wanda ya koma na kusa da jaki zai ji tsirkiya ta yi tauri, ba ta lilo, yatsu na iya gudu a kanta, muryar kuma ta fito tsaf. Can Jaco Pastorius ya kafa hannunsa a shekarun 1970. Amma gwiwar hannu takan ja baya, tsintsiya ta ƙara lanƙwasa, kuma wanda bai kiyaye ba jijiyarsa ce za ta biya. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Fender, wanda kamfanin CBS ya saya tun 1965, ya ɗauke ɗan katakon nan daga ƙasan tsirkiyoyi ya mai da shi sama. Ban san wata sallamawa da maƙera suka yi wa makaɗa da ta fi wannan bayyana ba.

Akwai kuma mas'alar tsayi, wadda duk mai gyaran gita ya san ta da sukurori biyu ko huɗu da ke gefen maɗaukin. In aka ɗaga shi ƙwarai, maganaɗisu ya ja tsirkiya ya gurɓata muryarta, yatsa kuma ya riƙa karo da kawunan ƙarfen yana ƙas-ƙas. In aka sauke shi ƙwarai, babban yatsa ya rasa madogara, sauran su riƙa nutsewa ƙarƙashin tsirkiya suna ɓata ƙarfi wajen fitowa. StingRay ta 1976, wadda Leo Fender ke cikin maƙeranta a kamfanin Music Man, ta zo da maɗauki guda mai faɗi can wajen jaki, sai fili ya samu a gindin wuya ga masu dukan tsirkiya da babban yatsa irin su Louis Johnson. Daga baya kamfanonin EMG da Bartolini suka yawaita maɗaukai masu sumul ɗin rufi, babu ƙarfe a waje, makaɗa kuwa suka lura cewa kiɗa a kan wannan shimfiɗa ya fi sauƙi, domin tana tsai da yatsa kafin ya zurma.

Gary Willis, makaɗin jaz na Amurka, shi ya kai wannan fahimta ga matuƙarta. Ya sassaƙa ɗan allon katako mai lanƙwasa irin ta fuskar wuya, ya liƙa shi ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da maɗaukin, babu maganaɗisu a cikinsa, babu waya, ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Aikinsa kawai ya ba yatsu abin da maɗaukin ya saba ba su bisa haɗari, ta yadda makaɗi zai taɓa a hankali ya bar wa amfilifaya ɗaukar nauyi. Da kamfanin Ibanez ya fitar da bas mai ɗauke da sunansa a 1999, da allon a jikinta ta fito daga masana'anta.