Tsagar Gado A Arewacin Zamfara: Asalinta, Ma'anarta Da Dalilan Gushewarta

Tsaga, wadda ake kuma kira zane ko aska, ita ce yankan da wanzami ke yi wa mutum a fuska ko a wani sashe na jiki domin ya bar tabo na dindindin. A ƙasar Hausa ta yamma, musamman yankin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da garuruwan da ke kewaye da su irin su Ɗan Isa, tsaga ta daɗe tana aikin da takardar shaida ke yi a yau, domin da ita ake sanin asalin mutum da zuriyarsa tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya shiga kasuwar Shinkafi zai ga fuskokin dattawa ɗauke da zane iri-iri, amma da wuya ya ga irinsa a fuskar yaran da ke biye da su. Al'adar tana ƙarewa ne a cikin ƙarni guda, kuma ilimin karanta ta yana tafiya tare da tsofaffin da suka san shi.

Rabe-raben tsaga

Masana al'adun Hausawa sun kasa tsaga gida uku, gwargwadon dalilin yin ta. Akwai tsagar gado, wadda ake yi wa jariri domin a nuna ƙabilarsa ko gidan da ya fito, kuma ta wajen uba ake gadonta. Akwai tsagar ado, wadda 'yan mata da samari kan nema da kansu bayan sun tasa. Sai tsagar magani, wadda ake yi domin neman waraka daga ciwo ko neman tsari.

Daga cikin sunayen da aka fi sani akwai bille, wato layi guda da ke gangarowa a karkace daga gefen hanci zuwa kunci. Da 'yar baka, wadda ake ja daga gefen baki. Da fashin goshi, wanda ke sauka a tsakiyar goshi. Da kalangu, wanda aka fi gani a fuskar mata. Jarfa kuwa ita ce ƙananan tsage-tsagen da ake jerawa a cusa musu baƙi, kuma ita ce ta fi kusa da abin da Turawa ke kira tatu. Daga gare ta aka sami karin maganar nan da ke cewa wanzami ba ya son jarfa, wadda ake yi wa mai son yi wa wasu abin da shi kansa ba ya iya jurewa.

Dalilin da ya sa zane ya yawaita a wannan yanki

Tarihin yankin ne ya tara fuskoki daban-daban a wuri guda. Ƙasar da kogin Gagare da na Bunsuru suka ratsa ta kasance tsakiyar tsohuwar daular Zamfara, wadda babban birninta, Birnin Zamfara, ke kusa da garin Isa na yanzu. A wajajen shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci birnin da yaƙi, Gobirawa suka kafa hedikwatarsu a Alƙalawa, sarautar Zamfarawa kuma ta yi ta ƙaura zuwa kudu har ta zauna a Anka. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, Fulanin Alibawa na yankin Zurmi suka mara masa baya, kuma daga cikinsu ne aka sami jarumi Namoda, wanda garin Ƙaura Namoda ke ɗauke da sunansa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, Gobirawa suka watsu, daga baya suka sake kafa sarautarsu a Tsibiri da Sabon Birni. Sannan a 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, ya jawo fatake da ma'aikata daga Kano da Borno da ƙasar Yarabawa.

Kowane rukuni daga cikin waɗannan ya zo da nasa zane. Gobirci shi ne ya fi fice: layuka ne da ke tasowa daga gefen baki su bazu zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Zamfarawa da Kabawa da Katsinawa su ma kowa da tasa askar, kuma bambancin yana cikin yawan layukan da tsawonsu da inda suka faro. Arawa, waɗanda suka fi yawa a Arewa ta jihar Kebbi da Dogonduci ta Jamhuriyar Nijar, ana gane su da manyan layuka biyu a kowane kunci. Barebari kuwa nasu dogaye ne, suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa, da guda a goshi. Ga wanda ya iya karatunsu, fuskokin da ke cikin kasuwa guda suna ba da labarin yaƙe-yaƙe da hijirar shekara ɗari biyu da hamsin.

Aikin wanzami

Ba kowa ke yin tsaga ba. Sana'a ce ta wanzamai, gadonta ake yi, kuma tana da shugabanta a kowane gari, wato Sarkin Aska. A al'ada kowane gida yana da wanzaminsa, wanda ya san zanen zuriyar kamar yadda ya san sunayen mutanenta. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, shi ke zuwa da zabirarsa ya yi wa jariri askin suna, kuma a daidai wannan lokaci ko jim kaɗan bayansa ake yin tsagar gado. Yakan ja layukan da 'yar ƙaramar aska mai kaifi, ya shafa baƙin tukunya ko garin gawayi domin jini ya tsaya, tabon kuma ya fito sosai. Ladarsa takan haɗa da kuɗi da hatsi da wani kaso na naman ragon suna.

Wannan wanzamin dai shi ne likitan gida. Shi ke yin kaciya da ƙaho da cire beli, shi ke yin sakiya idan ƙurji ya nuna. Saboda haka tsagar magani ta zauna a hannunsa: ƙananan yanka a gefen ido saboda ciwon kai ko na ido, ko a ciki saboda ciwon saifa, a shafa garin magani a kai. Akwai kuma tsagar da ake yi wa ɗan wabi, wato yaron da 'yan uwansa suka yi ta mutuwa suna ƙanana. Iyaye kan sa a yi masa zanen da ba na gidansu ba, su kuma laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ajefas, bisa imanin cewa abin da ke ɗauke musu 'ya'ya ba zai gane shi ba, ko kuma zai raina shi ya ƙyale. A ƙarƙashin wannan al'ada akwai baƙin cikin uwar da ta binne 'ya'ya da yawa a zamanin da babu rigakafi.

Tsaga a lokacin yaƙi da bauta

Bahaushe bai saba shafa launi a fuska idan zai fita yaƙi ba, kamar yadda aka san wasu ƙabilun asali na nahiyar Amurka da yi. Shirin mayaƙin ƙasar Hausa yana cikin sulke da kwalkwali da lifidi, da rigar da aka ɗinke da layu, da guru a ƙugu da kambu a damtse, rundunar kuma ana gane ta da tutarta da tamburanta. Amfanin tsaga a fagen fama shi ne rarrabewa, domin a ƙasar da abokan gaba ke magana da harshe ɗaya suna sa tufafi iri ɗaya, fuska ce ke nuna Bagobiri daga Bazamfare, da ita kuma ake gane gawar ɗan uwa bayan ƙura ta lafa. Ragowar tsagar neman ƙarfi tana nan a wajen 'yan dambe, waɗanda kan tsaga hannun da suke naushi da shi su cusa magani.

A zamanin hare-haren kamun bayi, tsaga ta zama abin dogaro ga iyaye. Yaron da aka sace yana ƙarami zai iya mance harshensa da sunan garinsu, amma zanen fuskarsa ba ya gogewa, kuma da shi dangi kan gane nasu su fanshe shi ko da bayan shekaru. Har a ƙetaren teku alamar ta bi mutane: a Birazil, inda Hausawa suka shiga cikin tawayen bayi na yankin Bahiya tun daga 1807, masu cigiyar bayin da suka gudu sukan bayyana zanen fuskarsu a jaridu. Turawan mulkin mallaka su ma sun lura da muhimmancinta. A.J.N. Tremearne ya tattara zane-zanen fuskokin mutanen Arewa, ya kuma sanya su a littafinsa kan al'adun Hausawa da ya fito a 1913.

A zaman lafiya kuwa, tsaga tana buɗe ƙofar zumunci. Baƙon da ya sauka a garin da bai san kowa ba yakan sami masauki wajen mai irin zanensa, kuma da ganin fuska taubasai ke gane juna, kamar Bagobiri da Bayarabe, sai wasa ya kaure tun kafin a gaisa.

Adon mata

A ɓangaren mata, jarfa da kalangu da 'yar baka kwalliya ce da budurwa ke yi kafin aure, wani lokaci har a wuya da ƙirji da hannuwa, kuma jure zafinta ba tare da kuka ba abin yabo ne a tsakanin tsara. Matan Fulanin daji kan ƙara da baƙanta leɓe da dasashi ta hanyar tsira ƙaya ko allura. Kusa da waɗannan akwai adon da ba ya daɗewa: lalle a hannu da ƙafa, kwalli a ido, katambiri da ake zana fuska da shi, da furen taba da ke rina haƙora. Wannan rukuni ne ya rayu, har zanen lalle ya zama sana'ar da mata da yawa ke ci da ita a birane da ƙauyuka. Sai dai likitocin fata suna gargaɗi kan baƙin lallen zamani da ake haɗawa da sinadarin rina gashi, wanda kan ƙona fatar wasu.

Abubuwan da suka kawo ja bayanta

Na farko shi ne addini. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, akwai kuma hani ga yi wa ko da dabba lalas a fuska, kuma malamai kan kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i a kan canza halittar Allah. Yaɗuwar makarantun Islamiyya da wa'azi a rediyo ya kai wannan hukunci har cikin ƙauyuka, musamman a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999.

Na biyu shi ne lafiya. Aska guda da aka yi wa yara da yawa aiki da ita ba tare da an tafasa ta ba tana iya yaɗa cutar hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, ga haɗarin sandarewar jarirai da zubar jini. Na uku shi ne doka: sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta yi wa yaro tsaga ko jarfa, ya tanadi tarar da ba ta wuce Naira 5,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata guda ba, ko duka biyun, ko da yake dokar tana aiki ne a jihar da majalisarta ta amince da ita. Na huɗu kuma shi ne sauyin rayuwa. Cinikin bayi ya ƙare, katin ɗan ƙasa da lambar shaida sun karɓi aikin tantancewa, kuma iyayen da suka sha tsokana a makarantun kwana ko a biranen Kudu ba su so 'ya'yansu su sha irinta.

Abin da ya rage

A wasu ƙasashe zanen gado ya dawo da martabarsa. Mutanen Mawori na ƙasar Niyu Zilan sun farfaɗo da nasu, har Nanaia Mahuta ta zama ministar harkokin waje a 2020 tana ɗauke da zanen kakanninta a haɓa. Bambancin shi ne baligi ne ke zaɓar nasu da kansa, alhali tsagar gado jariri ake yi wa, kuma da wuya addini da likitanci su bari ta dawo a ƙasar Hausa.

Akwai darasi guda da yankin ke buƙata a yau. Ɗabi'ar yanke wa mutum hukunci da ganin fuskarsa ba ta gushe tare da tsaga ba, domin a rikicin 'yan bindiga da ya addabi Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, an sha cutar da mutanen da ba su ji ba su gani ba saboda kamanninsu ko ƙabilarsu. Kakannin da suka ƙirƙiro tsaga sun yi ta ne da nufin a gane ɗan uwa a cece shi, kuma auratayyar da ta gudana tsakanin Zamfarawa da Gobirawa da Fulani da Katsinawa ta sa da wuya a sami gidan da jininsa bai gauraya ba.

Abin da ake iya cetowa shi ne ilimin. Sassan nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau, tare da masarautun Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, suna da damar zama da sarakunan aska da dattawan garuruwa irin su Ɗan Isa, a zana kowace tsaga, a rubuta sunanta da gidan da ke da ita da labarin da ke bayanta. Mafi yawan masu ɗauke da cikakken zane yanzu sun manyanta, kuma wanzamin da ya san ƙidayar layukan kowane gida ba lallai ne ɗansa ya gaje shi ba.